Tsintar Suna a Cikin Zare

Fitilar sola ta fara lumshe ido,
ni kuwa ina kan tabarma, kwamfuta a cinya,
da fom ɗari biyu da sha bakwai na manoman riɗi
waɗanda Ɗanjuma ya cike a waya, gona bayan gona,
daga Jajeri har gefen Maigatari.
Bai turo mini jadawali ba.
Zare ya turo, dogo guda, HTML tsagwaronsa,
a cukurkuɗe kamar kaɗin da kaza ta bi ta kai.

Ƙungiya na jiran sunaye kafin Alhamis:
wane ne, kadada nawa, buhun taki nawa.

Da fari wuƙa na ɗauko.
Na ce wa JavaScript, duk inda ka ga alamar zance
yanka daga nan zuwa ta gaba.
Ya bi umarni, bai san kowa ba.
Ya iso kan Sa'idu Maƙeri ya raba shi biyu,
Sa ya tsaya a layi, idu ya faɗa rami.
Mas'uda ma haka.
Na yi dariya, sai na tuna rabon taki ne,
wanda sunansa ya karye ba ya cikin kaso.

Inna daga ɗaki: Barira, me ya hana ki barci?
Na ce tsinta nake yi.
Ta ce da me?
Na ce da wuƙa.
Ta ce to ki kwana nan. Tsinta aikin faifai ce.

Sai na miƙa zaren ga DOMParser,
maginin da ba ya neman ruwa ko laka.
Ya tayar da gida a ɓoye, allo bai gani ba,
ɗaki cikin ɗaki, zaure, soro, har rumbu,
na bi ƙofa ƙofa ina sallama.
Kowane gurbi da sunan da aka raɗa masa
da abin da aka ba shi ajiya.
Na ce ba ni, ya ba ni.
Amma halinsu ba ɗaya ba.
Mai jerin zaɓi sai ka duba wanda yatsa ya taɓa.
Ɗan akwatin da ba a ƙyasta ba shiru yake yi,
ni kuma ban yarda kowane shiru a'a ne ba.
Babban gurbin ƙarin bayani
ba ya rataya maganarsa a wuya,
yana ƙulle ta tsakanin buɗewa da rufewa
kamar kuɗin Inna a haɓar zane.

Sunaye suka soma zuba, ƙwaya ƙwaya.
Sa'idu ya dawo da jikinsa cikakke,
kadada ɗaya da rabi.
Malam Tanimu, uku, ya ce huɗu in damina ta yi kyau.
Tambaya ba ta da lambar waya,
a ƙarin bayani Ɗanjuma ya rubuta yadda ta faɗa:
a kira maƙwabci, in yana gona a kira da ƙarfi.

Ɗari biyu da biyar.
Sha biyu suka fito wayam.
Gurabe na nan, sunayen gurabe na nan,
ciki ba ko ƙwayar riɗi.
Ranar ya adana tulu ne ya bar ruwan,
abin da yatsa ya buga bai taɓa shiga zaren ba.
Na gwada ta nan, na gwada ta can,
lambar ba ta san ƙarya ba, ni ma na ƙi koya mata.

Batir ya yi ja.
Na rubuta lambobin fom goma sha biyun a bayan kwalin shayi.
Gobe Laraba, zan ari babur ɗin Yaya Mati,
in ya yarda, in akwai mai,
in je in tambaye su da baki.